Takardar 'yan sanda ta iso a WhatsApp cikin kwana 2, amma hankalina ya ƙi kwanciya

Assalamu alaikum Anti. Dan Allah a ɓoye sunana. Ni nas ce 'yar Kano, shekarata 4 ina aiki a wani asibitin kuɗi a nan Jidda, maigidana da yaranmu 2 suna gida. Allah ya sa na samu aiki a Qatar, albashin ya fi na nan kuma akwai gida, ina sa ran in ɗauko iyalina mu zauna waje ɗaya. Cikin takardun da suka nema akwai ta 'yan sanda, shedar ban taɓa aikata laifi ba, ɗaya daga Najeriya ɗaya daga nan Saudiyya, duk sai an buga musu hatimi, kuma wata 2 suka ba ni. Maigidana ya ce a ba ƙaninsa tunda yana shiga Abuja ya san mutane. Na tura riyal 1,500. Bayan kwana 2 sai ga hoton takarda a WhatsApp. Babu wanda ya nemi yatsuna, babu wanda ya karɓi fasfona, hoton ma wanda na taɓa sawa a waya aka yanko aka manna, sannan sunan mijina aka sa min a ƙarshe alhali a fasfo sunan babana ne. Yanzu wai in ƙaro riyal 800 mutumin da ya yi takardar zai buga mata wani hatimi wai shi apostil. Da na ce ina rasit sai maigidana ya ɗau zafi, wai ina zargin ƙaninsa da cin kuɗi don ina ganin ni ke nemowa. Magana ta kai kunnen Hajiya mahaifiyar maigidana, ta kira ni ta ce in yi haƙuri in karɓa haka nan kar a ɓata zumunci. Ga shi ban faɗa wa asibitinmu ba tukuna, wata ƙawata kuma ta ce in yi huruj kawai, wato in bar Saudiyya gaba ɗaya, in koma gida in ƙarasa komai a can. Ko barci ba na iyawa. In tura musu takardar nan ko ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki tukuna, Allah ya sa aikin nan ya zama sanadin haɗuwarki da 'ya'yanki, don na san shi ne ke ranki ba albashin ba. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe ko kya samu ki runtsa yau. Kar ki tura takardar nan. Ko hotonta kar ki tura wa mutanen Qatar da sunan wai su gani kafin ta ainihin ta iso, don abin da ya shiga fayil ɗinki ya shiga kenan. Kar ki ƙara ko riyal ɗaya. Maganar huruj kuma ki ce wa ƙawarki an gode amma a ajiye ta gefe, zan zo kanta, don a duk abin da kika rubuto ita ta fi ba ni tsoro.

Hankalinki da ya ƙi kwanciya yana da gaskiya. Takardar nan fa ba komai ba ce illa 'yan sandan Najeriya su ce mun duba wance 'yar wane da zanen yatsunta a rajistar masu laifi, ba mu same ta a ciki ba. Rajistar tana Alagbon a Ikoyi ta Legas, ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka, kuma yanzu ta intanet ake nema, a shafin 'yan sanda na POSSAP, mutum ya yi rajista da NIN ɗinsa ko BVN, ya ɗora hotonsa da shafin fasfonsa, ya faɗi ƙasar da za shi da dalilin nema, shafin ya fitar masa da lambar biyan kuɗi ya biya ta can, ba a asusun wani oga ba. Toh ke babu wanda ya tambaye ki NIN, babu wanda ya ga fasfonki, babu wanda ya taɓa yatsanki, wa aka duba kenan? Tambayar rasit da kika yi ba rashin kunya ba ce ko kaɗan, duk wanda ya bi ta shafin nan yana da lambar fayil da shedar biya a wayarsa, in da akwai su ai da tuni an turo miki an huta da surutu.

Sai apostil ɗin nan, wanda shi ya ƙarasa tona asirin mutumin. Hatimi ne guda ɗaya da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Hague ta 1961 suke bugawa, in an buga shi sauran ƙasashen da ke ciki su karɓi takardar ba sai an bi ta ofishin jakadanci ba. Saudiyya ta shiga, ya fara aiki a nan a Disamban 2022, Indiya da Filifin duk suna ciki, shi ya sa kike jin abokan aikinki 'yan can suna ta ambatonsa. Najeriya ba ta ciki, Qatar ma ba ta ciki. Babu ofishin da ke da ikon buga wa takardar Najeriya apostil a Abuja ko a Legas, saboda haka mai neman riyal 800 ɗin nan ko dai bai san aikin ba ko kuma ya sani sarai, ya ga an biya na farko ba gardama ya ce bari in koma. Ni na biyun na fi zato.

Kuma ke ba baƙuwar irin wannan bincike ba ce, kin bi ta hannun DataFlow, kamfanin da ke tantance takardu, kafin hukumar lafiya ta nan ta ba ki lasisi, a Qatar ma ta hannunsu za ki sake bi, kin ga yadda suke komawa har makarantar da mutum ya yi da hukumar da ta ba shi lasisi a gida su tambaya da kansu. Mutanen da suke haka da takardar makaranta kina ganin ta 'yan sanda za su karɓa ido rufe? Ƙasashen nan ba sa wasa da tazwir, wato takardar jabu, ɗauri ne da kora, ga lasisin da kika sha wahala kika samu, kuma ranar da abu ya fashe ba ƙanin mijinki za a kira ba, ba ejan ɗin ba, mai sunan da ke kan takardar za a kira. In wani ya miƙo miki sirinji a cike ya ce yi wa majiyyacin gado na 4, ba ki ga kwalbar da aka zuƙo ba, za ki yi don kar ransa ya ɓaci? Toh haka takardar nan take.

Yanzu mu zo kan mutanen gida, don na lura rabin rashin barcinki su ne ba takardar ba. Ƙanin mijinki ban ce ɓarawo ne ba, kuma ke ma kar ki ce. Abin da na fi zato shi ma hannu ya miƙa, an ce masa akwai wani da ya san wani, irin masu tsayuwa a bakin ofisoshi da fayil a hammata suna cewa kawo yanzu-yanzun nan a gama maka, ya ba shi kuɗin, ƙila ya cire na mota da na kati a ciki, aka turo masa hoto ya ga tambarin 'yan sanda ya ji daɗi ya tura miki yana jiran a ce sannu da ƙoƙari. Da kika ce rasit sai ya duba ya ga babu, kunya ta kama shi, ya riga ki kai ƙara wajen yayansa. Yara da yawa haka suke yi. Sunan mijinki da aka sa ma alama ce, shi yadda ake kiranki a gidansu ya faɗa wa mutumin, wanda ya shirya cuta da gaske ai da ya nemi fasfo ya kwafa daidai.

Maigidanki kuma ban ce ya kyauta ba, kalmar nan ta "don kina ganin ke ke nemowa" tana da ciwo, kuma ke kika san aikin dare nawa kika yi kafin 1,500 ta taru. Amma ki duba inda yake tsaye. Namiji ne a Kano da yara 2, matarsa tana waje tana aikowa, kin san bakin 'yan unguwa da na majalisa, ko ba a faɗa a gabansa ba yana ji a jikinsa. Wannan aikin shi ne abu ɗaya da ya ce bari gidanmu su yi miki, sai ga shi ya kwaɓe a hannun ƙaninsa. Maganar da ya faɗa ba daga rasit ta fito ba, ta daɗe tana cinsa, rasit ɗin dai ya taɓo ta ne. Kuma akwai wani abu da ƙila bai furta ba, in kun koma Qatar shi zai bar harkarsa ya zauna a ƙarƙashin takardunki, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga namiji, kun taɓa zama kun yi maganar nan sosai kuwa, ko ke kaɗai kike ta lissafi?

Ki kira shi, kira na baki da baki, ba saƙon murya ba wanda za a iya tura wa wani a ce ji abin da ta ce, kuma ba lokacin da kika fito daga aiki a gajiye ba. Mun fi Kano da awa 2, ki bari ya dawo daga isha'i yara sun kwanta. Ki ce masa wani abu kamar haka: Abban yara, ni ban zargi ƙaninka ba, ina ganin shi aka cuta, kuma in na miƙa takardar nan aka gano ni za a ɗaure a ƙasar mutane, kai ne ba za ka so haka ba. Ki faɗa masa maganar apostil yadda na faɗa miki, ki ce ya tambayi duk wanda ya yarda da shi. Shi mijinki dole ya san gaskiyar yadda take, kar ki rufe shi. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya, ki ce wannan karon shi da kansa kike so ya riƙe miki zuwa Abuja, don babu wanda kika yarda da shi kamarsa. Ba dabara nake koya miki ba, aikin yana buƙatar mutum mai tsayawa a layi da kansa ya karɓi rasit, kuma akwai takardun da shi ya fi kowa cancantar ya kai, zan faɗa miki su.

Hajiya kuwa ba ta san POSSAP ba, ba ta san Hague ba, abin da ta sani ɗanta ƙarami ya zo mata rai a ɓace kuma surukarta ce sanadi. Ba sai kin zaunar da ita kina mata bayanin jabu da na gaske ba. Allah ya ba ki mafita a cikin takardar kanta, sunan da ke kanta ba shi ne a fasfonki ba, kuma ko da ta gaske ce babu ofishin jakadancin da zai karɓe ta a haka, wannan gaskiya ce tsantsa ba ki ƙara komai ba. Ki kira ta ki gaishe ta da kyau, ki ce Hajiya na ji maganarki na yi haƙuri, takardar ce aka yi kuskuren suna, dole a sake, kuma yanzu sun ce sai mai ita ta nema da kanta. Shikenan. Haƙurin da ta nema ki ba ta shi a kan kuɗi da kan magana, amma ban da karɓar takardar, wannan ba hurumin haƙuri ba ne. Kuɗin kuma in ni ce zan cire rai da su a yanzu, ba don ba haƙƙinki ba ne, sai don wata 2 gare ki kuma ba ki da lokacin shari'ar gida. In ƙura ta lafa maigidanki ya sa ƙaninsa ya bi mutumin, abin da ya dawo alhamdulillah. Shi ƙanin mijin ai abokin wasanki ne, bayan kwana biyu ki tura masa gaisuwa ki ɗan tsokane shi, kar ki bari abin ya daskare ya zama gaba.

Toh ga aikin kansa, kuma daga nan Jidda za ki fara ba daga Najeriya ba. Takardar nan ta Saudiyya, hulu sawabik, mai igama, wato katin zama, mai rai ake ba wa cikin sauƙi. Ki shiga Absher ɗinki, manhajar gwamnatin nan ta waya, ki duba ɓangaren Amnul Am, wato tsaron jama'a, ana nemanta ta can. In ba ta fita miki ta nan ba, ko mutanen Qatar suka ce ta takarda suke so mai hatimi, tsohuwar hanyar ita ce ki karɓi wasiƙa daga ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda, a buga mata hatimi a Harijiyya, wato ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, ki kai ofishin Adilla Jina'iyya na 'yan sanda su ɗauki basmarki, wato zanen yatsunki, su ba ki ranar karɓa. In ta fito sai tasdiƙin Harijiyya, wato hatimin tabbatarwa, sannan ofishin jakadancin Qatar na nan Saudiyya, tunda na ce miki apostil ɗin Saudiyya ba zai yi miki aiki a Qatar ba. Yanzu kin ga abin da ya sa shawarar ƙawarki ta tsorata ni. Ranar da aka buga miki huruj niha'i kika fita ta filin jirgi, igamarki ta mutu, abin da za ki yi da wayarki kina kwance a sakan, wato masaukinku, ya koma sai kin bi ta ofishin jakadanci daga Najeriya kina neman wanda zai yi miki zirga-zirga a nan, wata 2 ɗin su ƙare ba ki ga komai ba, kuma ga shi kin saki aikin hannu ba ki kama na gaba ba. Haka takardar kyakkyawan hali ta hukumar lafiya da ake cirewa a shafinsu na Mumaris Plus, da shahadar hibra, wato shedar shekarun aiki, daga asibitinku, duk ki tattara su kina nan.

Kafin ki furta wa kowa kalmar ajiye aiki, ki buɗe Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago ta nan, ki karanta kwantiraginki, ki ga ranar da zai ƙare da wa'adin sanarwar da aka rubuta. Akwai kuɗi a wajen nan. Dokar ƙwadago ta nan ta ce mukafa'ar ƙarshen aiki, wato kuɗin sallama, rabin albashin wata ce a kowace shekara cikin shekaru 5 na farko, ke mai shekara 4 kin tara albashin wata 2 kenan. In kwantiragi ya ƙare da kansa ba ki sabunta ba, duka za a ba ki. In kuwa ke kika ajiye, mai shekara 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku kawai yake samu, kuma in kika katse kafin wa'adi ba da dalili ba suna iya neman diyya a kanki. In ƙarshen kwantiragin ya kusa, ya fi miki ki roƙi Qatar su ɗan jira ki kai. Tun gyaran da aka yi a Maris ɗin 2021 ma'aikacin kamfani yana iya neman fita da kansa ta Absher, amma ki tabbata babu tarar hanya a kanki, babu mota da sunanki, in kina da bashin banki kuma ki san yadda za ki rufe shi, don irin waɗannan ne ke tsayar da mutum a ƙarshe. Asibitinku kuma kar ki ɗauka za ki iya ɓoye musu har ƙarshe, DataFlow za su tuntuɓe su don tabbatar da shekarun aikinki, gara shugabarku ta ji daga bakinki da ladabi da ta gani a imel. Ki dai bari sai takardar ɗaukar aiki mai sa hannu tana hannunki.

Af, tunda na ambaci wannan, ina fata kin tabbatar da aikin kansa, wato da asibitin kike magana kai tsaye ta imel ɗinsu na ofis, kuma babu wanda ya ce ki biya kuɗin biza. In akwai wanda ya nemi kuɗi a nan ma, ki tsaya cak ki bincika.

Ta Najeriya kuma hanya biyu ce. Ta farko ki nema daga nan, shafin POSSAP yana da ɓangaren mazauna waje, ke da kanki za ki buɗe, da imel ɗinki da lambarki, kar ki ba kowa kalmar sirrinki, ki ɗora fasfo da shedar zamanki a nan, ki bi abin da suka ce game da ɗaukar yatsu ɗaya bayan ɗaya. Wajen suna ki ajiye fasfo a gabanki ki kwafa harafi da harafi, in an rubuta Mohammed kar ki gyara shi ya koma Muhammad don kin fi son haka, ranar haihuwa ma haka, don igamarki da lasisinki da bizar da za a buga duk fasfon suke bi. In takardar ta fito, maigidanki ya ɗauke ta da kwafin fasfonki da 'yar wasiƙar da kika sa wa hannu cewa kin wakilta shi, ya kai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, ginin Tafawa Balewa, sashen shari'a, ya biya ta Remita ya riƙe rasit, su buga nasu. Daga nan sai ofishin jakadancin Qatar a Abuja. Daga nan ya sa ta a DHL, ba a jakar mai zuwa Umara ba, na san mun saba da aike a hannun 'yan Umara amma yaji da kilishi ake ba su ba wannan ba. In ta isa Doha akwai hatimin ma'aikatar harkokin wajensu, yawanci mandub, wato wakilin wajen aiki, ne ke yin wannan. Jerin nan ba a tsallake shi kuma ba a juya shi, saboda kowane ofishi sa hannun wanda ya gabace shi yake shaida, Harkokin Waje su ce mun san hannun ɗan sandan nan, ofishin jakadanci ya ce mun san hannun jami'in Harkokin Waje, in babu na tsakiya na gaba ba zai kalle ta ba.

Hanya ta biyu ki nemi ijaza, wato hutu, ta sati 2 ko 3, a yi miki huruj wa auda, bizar fita da dawowa, riyal 200 ne na tafiya ɗaya har zuwa wata 2, ki hau jirgin Kano ki je a ɗauki yatsunki ido da ido, ku tafi Abuja ke da maigidan ku ƙarasa. Ta fi tsada, tikiti ba wasa ba ne, amma in aljihu zai ɗauka kuma asibiti za su sake ki ni ita zan zaɓa miki, don in shafi ya maƙale ko wani abu bai dace ba kina tsaye a wajen za ki gyara, ga yara kin gani, ga Hajiya kin durƙusa kin gaishe ta da ɗan dabino da turare, abin da kira goma ba zai gyara ba zama ɗaya ya gyara shi. Sharaɗin dai ki gama da ta Saudiyya kafin ki tashi, ko aƙalla ki ba da basma, kuma ki duba igamarki tana da sauran kwana har bayan dawowarki. In kuma ba hali, ta farkon ma tana kaiwa, mutane suna yi.

Ki lura da lokaci sosai. Takardar 'yan sandan Najeriya wata 3 take yi daga ranar da aka ba da ita, kwanakin da za ta yi a layin hatimi da cikin DHL duk a ciki suke, saboda haka da ta fito a wuce da ita, kar a ajiye a durowa ana jiran albashi ya shigo. Ga kuma bambancin hutu, nan da Qatar Juma'a da Asabar, Najeriya Asabar da Lahadi, kinga Litinin zuwa Alhamis ne kawai kowa yake ofis lokaci ɗaya, in Sallah ta faɗo a tsakiya kuma sai dai haƙuri. Shi ya sa nake so gobe-goben nan ki rubuta wa masu ɗaukarki aiki, ki ce musu kin fara bin takardun, Najeriya ba ta cikin tsarin apostil sai an bi ta Harkokin Waje da ofishin jakadanci, kina neman su rubuto miki hatiman da suke so a kan kowace takarda, ko suna son fassarar Larabci, da kuma ko za su ƙara miki lokaci in an samu jinkiri. Ba sai kin ba su labarin ƙanin miji ba. Sun saba da jinkirin takardu, wanda ya yi magana da wuri ana ɗaga masa ƙafa fiye da wanda ya ɓace sai ana saura kwana 3 ya bayyana da uzuri.

A imel ɗin nan ki haɗa da tambayar da ta fi komai muhimmanci gare ki, kwantiragin na mai iyali ne ko na mutum ɗaya, kuma da matsayinki da albashinki za a bar ki ki ɗauko miji da yara? Kar ki dogara da "akwai gida" da aka faɗa a waya, gida yana iya zama ɗaki a sakan ɗin nas-nas irin wanda kike ciki yanzu. In sun ce eh a rubuce, toh ga takardun da na ce maigidanki ya fi kowa cancantar kaiwa, takardar aurenku da takardun haihuwar yara na Hukumar Ƙidaya, su ma sai sun bi ta Harkokin Waje da ofishin jakadancin Qatar, ya haɗa su da taki a tafiya ɗaya ya huta da zuwa Abuja sau biyu. Ya duba sunayen da ke kansu tun a gida, sunanki a takardar haihuwar yara ya dace da na fasfo, in bai dace ba a yi rantsuwar kotu tun yanzu. In kuma sun ce a'a babu iyali, toh sai ku zauna ke da shi ku sake lissafi tun kafin ki taɓa aikinki na Jidda, ƙarin albashin kaɗai ya isa a tashi ko bai isa ba, wannan ku biyu za ku yanke.

Ita kuma waccan takardar kar a bar ta tana yawo, hotonki ne a kanta. Maigidanki ya karɓo ta daga hannun ƙaninsa in har an buga ta a takarda, ya tabbata ba a kai ta kowane ofishi da sunanki ba, ya ajiye ta wajensa ko za a buƙace ta ranar da za a bi mutumin kuɗi, ƙanin kuma ya goge ta daga wayarsa kar wata rana a tura wa wani a matsayin samfurin aiki. Ki fara da Absher yau in kin tashi daga aiki, in wani waje ya maƙale miki ki rubuto min ki faɗi daidai inda ya tsaya da abin da ya rubuta miki. Allah ya sauƙaƙa, ki gaida yaran.